Agogo fuskarsa ake dubawa, jaka kuma bayanta

Wani ƙanena ne da zai tafi Umra ya same ni a majalisarmu nan wajen Ƙofar Ƙaura bayan la'asar, yace yaya tambaya biyu gareni, wane irin agogo zan sayo in naje can, kuma wace jaka zan saya wadda zan shiga jirgi da ita ba sai an karɓe ba. Ya san ni da tarin agoguna kamar mai shirin buɗe shago, shi yasa. Mun kai magariba muna magana bamu gama ba, to shine nace bari in zauna in rubuta abin gaba ɗaya ko wani ma zai amfana, don tambayoyin biyu a haɗe suke, wanda ya sayi agogo mai kyau a tafiya dole ya san inda zai sa shi ya dawo dashi gida lafiya.

Mu fara da agogon. Abu na farko da zaka riƙe shine kuɗin tsohon agogo a fuskarsa yake. Sarƙa ana canzawa, gilashi ana canzawa, inji ma in ya lalace mai gyara zai nemo kayan wani ya haɗa maka, amma fuska in aka taɓa ta shikenan ta tafi. Ni da kaina na koyi wannan da tsada. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya sayo Seiko 5 a aikin Hajjin 1982, irin wanda mutanenmu ke cewa mai aiki da jini, alhali ba ruwansa da jini, wani ɗan ƙarfe ne rabin da'ira a cikin injin da yake juyawa in kana motsa hannu, shi yake ɗaure zaren ƙarfen da ke tuƙa agogon, shi yasa in ka ajiye shi kwana biyu a durowa zaka tarar ya tsaya. Fuskarsa baƙa ce da farko amma rana da zufa na shekaru sun mayar da ita ruwan ƙasa kamar shayin da ya ji madara kaɗan. Da ya zo hannuna sai na ga kamar datti ne, na kai wa wani mai gyara nace a wanke min, bawan Allah ya sa auduga da wani ruwa ya goge, rubutun ƙasan ya tafi, launin ya zama dabbare-dabbare. Sai daga baya wani dattijo mai gyaran agogo a babbar kasuwa ya juya shi a hannu, ya kalle ni ta saman tabarau yace ɗana wa ya aike ka, ai wanga launin shi masu tara agogo ke nema da kuɗinsu. Nace Baba ban sani ba. Yace to yanzu ka sani.

Wannan fuskar da ta koɗe daga baƙi zuwa ruwan ƙasa ita ake kira tirofikal, wato ta ƙasashen zafi, kuma a tsoffin Rolex da Omega na shekarun 1960 da 1970 tana iya ɗaga farashi sosai in dai koɗewar tayi daidai ko'ina. Amma kar a ruɗe ka, akwai bambanci tsakanin koɗewa da lalacewa. In ka ga tabo kamar na taswira, ko fenti ya kumbura, ko tsatsa a gindin allurai, wannan ruwa ne ya shiga, kuma in ruwa ya ɓata fuska to ka tabbata ya leƙa inji.

Sai fanda. Farar fuska mai ƙananan da'irori baƙaƙe biyu ko uku a ciki, kamar idon dabbar nan ta ƙasar Sin, in kuma fuskar ce baƙa da'irorin farare sai a ce fanda juyayye. Irin agogunan da ke da maɓallai biyu a gefe don auna sakanni su ke da ita. Rolex Daytona mai irin wannan fuskar na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman da aka yi gwanjonsa a New York a watan Oktoban 2017 sama da dala miliyan 17 aka saye shi, kuma fuskar nan tashi a lokacin da take sabuwa mutane basu ma cika sonta ba, a shaguna take kwantai. Mu dai ba can muka nufa ba, Seiko da Citizen da Orient duk suna da fanda mai kyau da kuɗin da ba zai hana ka barci ba. Abinda zaka gwada kawai, danna maɓallin sama ka ga doguwar allura ta tashi, danna kuma ta tsaya, danna na ƙasa ta koma kan 12 cif. A jabu da yawa ƙananan da'irorin nan ado ne kawai, alluransu a manne suke ko kuma maɓallan basa komai.

Wadda tafi shafar mu ita ce fuskar Larabci, kuma nan nake so in daɗe. Kala biyu ce. Akwai wadda lambobinta ne gaba ɗaya na Larabci irin wanda muke gani a shafukan Alƙur'ani, Seiko suna da ɗaya da ake kira SNKP21 da ta yi suna ƙwarai har Turawa na nemanta. Akwai kuma wadda ranar mako ce kawai ke fitowa da Larabci a ɗan tagar nan ta wajen ƙarfe 3, ita ce alhazanmu suka fi sayowa, in ka ja makunnin, wato ɗan abin gefen nan da ake saita lokaci dashi, mataki ɗaya ka murza zaka ga Turanci da Larabci suna bin juna sai ka tsaya kan wanda kake so. Seiko 5 tun 1963 ake yinsa, kuma shi nake fara nuna wa duk mai son shiga harkar nan saboda yana jure wahala, kayan gyaransa kuma kowane mai tebur a kasuwa yana da su. A can sama kuma akwai Rolex masu tambarin wuƙar Oman a fuska, waɗanda Sarki Qaboos ya riƙa bayarwa kyauta, da masu tambarin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da kuma Day-Date masu fuska mai sheƙi ja ko kore ko ruwan lemo da ake kira Stella na shekarun 1970. In wani ya tare ka a kasuwa da irin wannan yace na wani balarabe ne da ya rasu zai bar maka da araha, kayi masa addu'a ka wuce, araha bata ado.

Sauran kalolin zan bi su da sauri don ba kullum zaka gamu dasu ba. Akwai mai hasken rana, wadda in ka karkata ta haske ke zagayawa kamar fanka, ita ce mafi yawa kuma tana yin kyau da farar shadda ranar Juma'a ko hawan Sallah. Akwai Kalifoniya, rabin sama lambobin Rumawa rabin ƙasa lambobin da muka saba, Rolex da Panerai suka yi ta tun shekarun 1930 da 1940. Akwai mai saƙa, wadda aka sassaƙa ƙananan gidaje a jikinta kamar tabarma, irin ta Royal Oak na Audemars Piguet da ya fito 1972, wanda yanzu jabunsa ya cika gari har yaran makaranta na ɗaurawa. Tsoffin Omega Constellation kuma fuskarsu kamar an kife faranti. Rado Diastar fa, wanda tun 1962 ake yinsa da ƙarfen da baya karcewa, wanda duk wani alhajin da ya isa a da sai ka gan shi da shi ruwan gwal da ƙananan duwatsu a fuska, ni har yau ina ganin girmansa ko da yaran yanzu suna cewa na tsofaffi ne.

To yaya zaka gane fuskar asali daga wadda aka sake wa fenti? Ka fita da agogon waje cikin rana, kar ka yarda da fitilar shago. Ka buɗe kyamarar wayarka ka zuƙo hoton sosai. Rubutun kamfani sirara ne masu kaifi, duk harafi tsayinsu ɗaya, na mai fenti kuwa zaka ga yayi kauri ko ya ɗan malale a gefe. Ka duba ƙananan layukan minti ko sun hau daidai kan sandunan awa, in allurar minti tana kan 12 ta awa ma ta zauna kan lambarta cif. A Seiko ka leƙa can ƙasan ƙarfe 6, akwai ɗan mitsitsin rubutu mai lambar inji kamar 6309 ko 7009 ko 7S26, sai ka juya bayan agogon ka ga ko lambar ɗaya ce, in sun saɓa to haɗe-haɗe ne. A bayan ma akwai wasu lambobi shida a jere, ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata, Oktoba da Nuwamba da Disamba kuma da haruffan O da N da D ake rubuta su. Na mahaifinmu da 1N ya fara, injinsa 6309, kaga Nuwamban 1981 kenan aka ƙera shi. In ka ga 7S26 ka san bai wuce 1996 baya ba, don haka wanda yace maka na zamanin Gowon ne labari yake baka. Akwai kuma wasu da ake sabuntawa a Indiya, tsoffin Seiko da Citizen da HMT, a yi musu fenti kore shar ko ja wur, jiki duk ya sha duniya amma fuska kamar yau aka yi ta. In don kwalliya ne ka saya da kuɗin kwalliya ba laifi, amma ba abin ajiya bane.

Abu ɗaya kuma da mutane ke mantawa shine sinadarin nan mai haske da daddare. A tsoffin agogunan Suwizalan in ka ga harafin T a gefen kalmar Swiss a ƙasa, tiritiyom aka sa, kuma ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan kamar shekara 12, saboda haka agogon 1975 bai kamata ace shina haske kamar tocila ba, in yana yi an sake shafa masa. Launin da ke kan allurai da na kan fuska su zama sun tsufa tare. Waɗanda suka girmi 1960 kuma wasu radiyom ne a jikinsu, shi wannan baya mutuwa da wuri kuma ƙurarsa cuta ce, kar ka buɗe a ɗaki kana hurawa da baki.

Yanzu jaka. Ita kuma kuskuren da muke yi shine mu tsaya kallon gabanta, aljihu goma sha biyu da wajen caji da tambari, alhali bayanta ne zai zauna a jikinka tun daga filin jirgin Umaru Musa Yar'adua ko na Malam Aminu Kano har inda zaka. Kafin ka fita sayayya ka buɗe tikitinka ka karanta abinda aka yarda ka shiga dashi, don kowane kamfani da nashi. Mafi yawa dai tsayi santimita 55 ne ko 56, faɗi 35 zuwa 40, kauri 20 zuwa 25, nauyi kuma kilo 7 a Emirates da Qatar da Ethiopian in kana kujerar talakawa, Turkish kilo 8. Ka ari tef ɗin tela ka sa a aljihu, ba wasa nake ba. In ka lissafa 55 da 35 da 20 zai baka lita 38 da rabi, shi yasa nake cewa jakar goyo mai lita 30 zuwa 40 ita ce daidai, wadda ta wuce haka ta masu hawan dutse ce, doguwa ce ba zata shiga ma'aunin ƙarfen nan da ake gwada girman jaka a bakin ƙofar shiga jirgi ba.

Sannan ka ɗaga ta babu komai ciki. Kilo 7 fa har da nauyin jakar kanta ake ƙirgawa, in ita kaɗai ta kai kilo 2 da rabi me ya rage maka, laftof da caja da kaya kala biyu ka gama. Nan ne jakar goyo ta fi akwati mai taya, ƙarfen ja da tayoyi su kaɗai suna cinye rabo mai yawa. Ka nemi wadda bata wuce kilo ɗaya da rabi ba. Ka sa mai shago ya cusa mata kaya, ko da wasu jakunkunan ne, ka goya ka ɗan zagaya. Madaurin kafaɗa ya zama mai faɗi da soso mai tauri wanda in ka matsa yake dawowa, da ɗan igiyar ƙirji, in da hali da bel na ƙugu wanda yake sauke nauyin daga kafaɗa. Bayan ya zama akwai raga ko hanyar iska, wanda ya san zafin watan Afrilu a Katsina ko tafiya daga masauki zuwa Harami ya san abinda nake nufi, in ba haka ba zaka isa riga ta manne da baya.

Zif shine ran jaka. Ka duba kan majanyin ko an rubuta YKK, kamfanin Japan ne kuma nasu ba kasafai yake buɗe baki ba, ka ja shi sau biyar ko shida musamman a kwana, kuma babban ɗakin ya zama majanyi biyu ne masu ɗan rami da zaka iya sa ƙaramin kwaɗo. Ka zaɓi wadda take buɗewa gaba ɗaya kamar littafi, ba mai baki ɗaya a sama irin buhu ba, saboda in jami'i yace fito da laftof ko kwalbar turare ba sai ka zazzage gajerun wanduna gaban jama'a ba. Ɗakin laftof ya kasance ta jikin bayanka kuma gindinsa bai taɓa ƙasan jakar ba, sa hannu ka ji, in yatsanka ya taɓa ƙasa to duk sanda ka dire jakar kwamfutar ce ke shan dukan. Ka juya cikin ka duba ɗinkin inda madauri ya haɗu da jiki, a nan take fara yagewa. Kuma ni a ganina gwanjo mai kyau, irin su Osprey ko Deuter ko Samsonite da aka ɗan yi amfani dasu, ta fi sabuwa mai sheƙi marar suna nesa ba kusa ba, sai dai ka shinshina cikinta ka kuma murza, in rufin cikin yana ɓarewa kamar garin rogo ko yana danƙo, ta gama yayi. Launi kuma baƙi na nuna ƙurar hunturu fiye da ruwan toka ko ruwan ƙasa, wannan dai ra'ayi ne.

Abinda zai shiga ciki. Fawa bank dole a jakar hannu yake tafiya, haramun ne a kayan awo, kuma kar ya wuce 100Wh, mai 20,000mAh kusan 74Wh ne ba matsala, mai 30,000 ya haura sai da izinin kamfani, wasu kamfanonin ma yanzu sun hana a jona shi a cikin jirgi. Duk abu mai ruwa, turare, man shafawa, zuma, kwalba kar ta wuce mil 100, kuma girman kwalbar ake dubawa ba abinda ya rage a ciki ba. Zamzam nashi tsarin daban a kayan awo. Almakashi da reza da 'yar wuƙar yankan farce ka bar su a babban akwati in ba so kake ka yi sadakar dole ba. Fasfo da katin shaidar rigakafi da magani su zauna a aljihun da ke manne da bayanka.

Agogunan kuma, mai tsadar ka ɗaura a hannu, in an zo wajen bincike ka cire tun kana layi ka zura a aljihun jakar ka ja zif, kar ka ajiye shi tsirara a tire. Na'urar haska kaya bata yi masa komai, maganaɗisu ne abokin gabarsa, sifika da murfin kwamfutar hannu da maɓallin jaka mai mannewa, in agogo mai otomatik, irin mai aiki da jinin nan, ya kwana jikinsu sai ka ga ya fara gudu yana ƙara mintuna a rana. Sauran ka sa kowanne cikin safa mai tsabta ka naɗe, ko gidan tabarau mai tauri, fuska kar ta haɗu da sarƙar wani, sannan ka tusa su tsakiyar kaya. Rasit ka ɗauki hotonsa ka kuma ajiye takardar daban. Kuma ka haɗa su duka a wata 'yar ƙaramar jaka da zaka iya zarowa da hannu ɗaya. Dalili, wata tafiya da nayi jirgin ya cika, muna bakin matakala wata ma'aikaciya tace durowar sama ba wuri sai an kai jakata ƙasa, ga agoguna uku a ciki a warwatse ga fawa bank, na durƙusa a kwalta ina tone-tone mutane na tsallake ni, hular kaina har faɗuwa tayi.

In ka sauka Jidda ko Madina zaka ƙara awa 2 kan lokacin gida, Dubai awa 3. Allurai ka murza su gaba ba matsala, amma kar ka canza kwanan wata ko ranar mako da makunni in agogon yana nuna tsakanin 9 na dare da 3 na asuba, a lokacin haƙoran da ke juya kwanan sun riga sun kama, in ka tilasta sai su karye, ka fara kai allurai wajen ƙarfe 6 tukunna. Tsohon agogo kuma ko an rubuta baya jin ruwa a bayansa ka cire in zaka yi alwala, robar da ke tare ruwan ta bushe tun tuni, kuma kar ka fesa turare a kansa.

Ƙanen nawa dai ranar Asabar muka shiga kasuwa da tef ɗin matarsa, muka auna jaka shida kafin muka samu wata ruwan toka ta gwanjo mai lita 35, zif ɗin aljihun gefe ɗaya ya mutu mai ɗinki ya canza mana a nan take. Agogo kuma nace ya turo min hoton fuska da na baya kafin ya biya, in ya samu mai lambobin Larabci ya ɗauko biyu zan ba shi kuɗin ɗaya.